Kwabon Rumawa da Lemun Tsami Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kunyata kaina a gaban ɗalibai da malamansu, ina sanye da babbar rigata ta Juma'a. Abin da ke ba ni dariya yanzu, bayan ya gama ba ni haushi, shi ne da niyyar samun lada na shiga lamarin.

Bari in fara da maƙwabcina, Malam Yohanna. Mutumin Tungan Magajiya ne, ya koyar da tarihi a wata sakandare a nan Kontagora har ya yi ritaya. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu shekaru masu yawa. Da Babbar Sallah namanmu yana shiga gidansa, da Kirsimeti kuma shinkafarsa tana shigo mana (kajin ma ni yake kawo wa in yanka, don kada kowa a gidana ya sami hujjar barin abincin).

Malam Yohanna yana da wani abin so da ban taɓa gani a wurin kowa ba. Yana tara tsofaffin kuɗin tagulla na zamanin Rumawa, irin waɗanda aka buga a ƙasashen da suka mallaka, Masar da Sham da wasu garuruwan da harshena ba ya iya kama sunayensu. Manya ne, sun fi tsohon kwabonmu mai huji faɗi da kauri. Na farkon ya saye shi ne lokacin da aka tura shi kwas Ingila yana matashin malami, sauran kuma ɗansa da ke can yake aiko masa, kowanne da takardarsa. A cikin wani akwatin katako yake ajiye su, kowanne naɗe cikin farin ƙyalle.

Bayan la'asar nakan zauna da shi a ƙofar gida, ya fito da ɗaya ya yi ta ba ni labari, ni kuma ina rubuta abin da na fahimta da ajami a wani littafina. Abin ya kama raina ne saboda labarin samarin kogo da muke ji a tafsiri, waɗanda suka farka suka aika a sayo abinci da kuɗin da zamani ya wuce. Nakan kalli kwabon in ce, ashe haka abin yake, sarki ya tafi, kasuwa ta tashi, ƙarfe ya saura.

Abu ɗaya ne kawai yake damuna: dukansu sun yi kore, wasu har da baƙi-baƙi, kamar butar da aka manta a bayan ɗaki. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, don ina ganin na riga na sani. Tun da matarsa Saratu ta rasu nake lura da wuyan rigarsa da labulen ɗakinsa. Na ce a raina, bawan Allah ya rasa mai goge masa kaya, ga ido ya yi yana, tambaya ma tona asiri ce. Na riƙe bakina, ina yaba wa kaina kawaici.

Sai aka sa masa ranar aikin ido a Kaduna. Kafin ya tafi ya shigo da akwatin da kansa, ya ajiye a ɗakina ya ce, "Malam, ga amana." Ya kuma shaida mini cewa tsohuwar makarantarsa ta gayyace shi ya nuna wa ɗalibai kuɗin a ranar ba da kyaututtuka, da zarar ya dawo.

Wannan maganar ce ta hana ni sakat. Mutum mai daraja zai tsaya gaban jama'a ya buɗe kaya masu tsatsa? Wata safiya na fito tsakar gida na tarar da maiɗakina, Asabe, tana goge tsofaffin tasoshinta da toka da lemun tsami, suna ta ɗaukar ido. Nan take na ji kamar an buɗe mini ƙofa. Na shiga ɗaki na zaɓo mafi girma, wanda ya fara saye, mai kan wani sarki mai gemu, bayansa kuma wani mutum kishingiɗe kusa da kada. Na yi bismilla na zauna kusa da ita.

Ta dube ni ta ce, "Malam, shi ya ce ka goge?"

Na amsa mata cewa alherin da aka nemi izini kafin a yi shi ai ya rage armashi, kuma sha'anin abota ba kowa ke gane shi ba. Sai ta janye tasoshinta nesa da ni.

Koren nan ya yi taurin kai. Lemo ɗaya bai taɓa shi ba, na biyu ya ɗan sassauta shi, a na uku na haɗa da soson ƙarfe. Kafin azahar kwabo ya fito jawur yana sheƙi kamar yau aka ƙera shi. Gaskiya na ga gemun sarkin ya ɗan lafe, wasu haruffan ma sun yi sumul, amma na ce datti ne ya tafi. Lemon Asabe ya ƙare, yatsuna suna zogi, na bar sauran sai na je kasuwa. Allah da ikonsa Malam Yohanna ya dawo kafin in sayo. (Duk lokacin da na tuna wannan sai in ƙara gode wa Allah, don da an sami lemo da tas zan yi musu.)

Na je gaishe shi, ido ya buɗe tar, har yana tsokanata wai bai san na tsufa haka ba. Ya ce kada in wahala, in riƙe akwatin in taho da shi makaranta ranar taron, wato washegari.

Ranar ta zo, ɗakin taro ya cika. Aka ce in buɗe da addu'a, wani fasto ya biyo baya. Da na tsaya a addu'ar da sauƙi. Amma lasifika tana hannuna, sai na ƙara da cewa jama'a su saurara, akwai wata bazata da na shirya wa aminina a cikin akwatin nan, za su gani da idonsu. Aka yi tafi. Na koma layin gaba na baza riga.

Malam Yohanna ya sa safar hannu, ya fara fito da su ɗaya-ɗaya, ya bar babban sai ƙarshe. Can wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta yi tambayar da na yi shekaru ban yi ba: me ya sa ba a wanke su?

Ya yi murmushi ya ce tambaya ce mai kyau. Ya bayyana cewa koren nan ba datti ba ne. Tagulla ce take yi wa kanta riga a hankali cikin ƙasa, ɗaruruwan shekaru, rigar tana kare ta, kuma da ita masana suke gane kwabo na gaske ne. Ya ce masu tara irin waɗannan kuɗin sun fi son koren nan da komai, kuma in aka kankare shi ya tafi ke nan.

"Duk wanda kuka ga ya sa wa irin wannan soso," in ji shi, "ku riƙe masa hannu, bai san abin da yake yi ba."

Ɗalibai suka yi dariya. Ni kuwa na ji gumi yana bin bayana har cikin wando. Na duba ƙofa, tana da nisa, ga shugaban makaranta zaune a gefena yana ta murmushi yana jiran bazata. Na fara karanto duk addu'ar da na sani ta neman sutura, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata.

Ya ɗauko ƙyallen ƙarshe. Ya gaya musu wannan ne ya fi so, marigayiya matarsa ta yi shekaru tana yi masa tsiya cewa wasu sun je Ingila sun dawo da rediyo, shi ya dawo da kwabon da ko ƙosai ba ya saye. Ya warware.

Hasken taga ya faɗa kan kwabon, ya haska har silin. Malam Yohanna ya tsaya da sabon idonsa yana kallo. Ya juya bayan, ya sake juyo gaban. Sannan ya ɗago ya dube ni. Sai shugaban makaranta ya tambaya da ƙarfi, har na baya suka ji, ko wannan ce bazatar da na yi alkawari.

Malam Yohanna ya cire safar hannunsa ya ajiye.

"Ita ce," ya ce. "Maƙwabcina ya shirya mana ɗaya don ku ga kamanninsa ranar da ya fito daga hannun maƙeri. Tun da wannan ba shi da rigar da za a ɓata, ku zo, kowa ya riƙe."

Ɗalibai suka yi layi. Kwabon da ni kaina ban taɓa riƙewa a gabansa ba ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, suna auna nauyinsa, suna gardama kan hoton kadan da ke bayansa. Malamai suka zo suna yi mini musafaha, wani har yana cewa irin wannan hikima sai dattijai. Kowace gaisuwa kamar mari nake jin ta.

Kwana uku ina zagayawa ta lungu in tafi masallaci don kada in bi ta ƙofarsa. A na huɗu ya yi sallama da kansa, ya zauna kan tabarmata. Na faɗi komai, har da soson ƙarfen, na nemi gafara, na tambaya ko akwai hanyar mayar da koren. Ya ce akwai: in binne shi a bayan gida, in jira shekara dubu biyu, in kira shi.

Da muka gama dariya ya gaya mini gaskiya, kuma na fi gode masa a kanta. Ya ce abin ya yi masa ciwo ƙwarai, daren farko ko abinci bai ci ba, don a kore Saratu ta san kwabon. Amma da ya tambayi kansa me ya kai ni, sai ya gane ina ganin ba shi da mai kula da shi ne. Ya ce kwabo yana da sauran guda goma sha wani abu, maƙwabcin da zai fasa yatsunsa dominsa kuwa ɗaya ne, ko da ba ya tambaya.

Bayan wata biyu aka kira shi Kaduna a duba idon. Ina zaune na ga ya shigo rungume da akwatin. Ya ajiye shi daidai inda ya ajiye na farko ya ce, "Malam, ga amana." Sannan ya leƙa tsakar gida ya gaida Asabe, ya roƙe ta ta ɓoye lemun tsami sai ya dawo.

Alhamdu lillahi da Ya ba ni maƙwabcin da ya rufa mini asiri a lokacin da nake tsaye kan ɓarnar kayansa. Yanzu ko tsohon takalmi aka ba ni ajiya, na ga ƙura a kansa, sai na tambayi mai shi ko ƙurar tana da tarihi.