Aljani a Durowar Kaka

"Lafiya lau na kwana, sai dai na tashi na tarar da aljani a durowata," in ji Kaka, tana dogare da sanda a bakin ƙofar ɗakinta.

Aljanin kuwa jikanta ne, wanda take kira Angona tun yana rarrafe. Yanzu ƙato ne har da gemu, ya naɗe ƙafafu a cikin durowar kayanta, waya a hannu, makirfo a gaban baki. Wani kamfani mai sa wa finafinan zane na Japan murya ne ya ba shi gwaji, muryar wata tsohuwa mai gadin gadar gajimare. Sau biyu ana dawo masa da aikin. Wannan ne na ƙarshe, kuma kafin azahar ake so.

"Zannuwanki ne ke shanye amo, tsohuwa. Shekara arba'in kina tara su, yau dai sun yi rana."

"Ka ji mijin da bai taɓa saya min ko ɗankwali ba. To yi mu ji."

Ya maƙe murya, ya yi ta karkarwa.

"Wa ya taka wutsiyar akuya?"

"Ke fa nake kwaikwayo."

"Ni? Da haka muryata take, da kakanka bai shekara uku yana zarya a ƙofar gidanmu ba."

"Ai kunnensa ɗaya ne ke aiki."

"Ɗayan ma ya fi naka biyun. Miƙo wayar."

Ta zauna bakin gado, ta kai wayar dab da hancinta. Ga tsohuwa 'yar guntuwa a kan gada, ga yarinya za ta hau kifi mai fukafukai, ciyawa tana kwantawa har ka rantse iskar ta taɓa ka. Kaka ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu, amma sau uku tana cewa a maimaita.

"Me take ce mata?"

"Wai ta tafi, ta ishe ta, ta cinye mata abinci."

"Shi ne kake ta ihu? Saurari inda ta haɗiye yawu kafin ta yi magana. Matar da ta yi muryar nan ta taɓa raka wani tasha. Faɗan na baki ne, don kada yarinyar ta juyo ta ga idonta."

Angon ya ɗago kai ya dube ta.

"Ranar da zan tafi makaranta, cewa kika yi in tafi gidan ya huta da warin takalmina."

"Wannan gaskiya na faɗa. Har yau bai huta ba. Ja ƙofar, lokaci na tafiya."

Ya karɓi wayar, ya ja ƙofar durowar. Can sai murya ta fito daga cikin zannuwa, ƙasa-ƙasa, ba karkarwa, ta ɗan tsaya kafin ta ce, "Tafi mana, kin ishe ni."

Da ya leƙo, Kaka na goge ido da gefen mayafi.

"Kuka kike, amaryata?"

"Kafur ɗin durowar ne. Tura musu. In suka dawo da wannan, ka kai ni wurinsu da sandata."

Ya danna, aikin ya tafi. Ta laluba ƙarƙashin gado, ta jawo kwalbar zumar da ko 'ya'yan cikinta ba ta ɗanɗana wa.

"Buɗe baki, mijin banza. Cokali ɗaya, saboda maƙogwaron tsohuwar, ba don kai ba."