Yadda Za Ka Zama Gwanin Hawan Dutse a Idon Surukinka

Matso kusa, ɗan'uwa. Idan a birnin Aƙaba kake, teku a gabanka, duwatsu a bayanka, kuma kana neman 'yar mutumin da ke auna namiji da ƙarfin gwiwarsa, to ka zo inda ya dace. Na daɗe ina sayar da takalman hawa da sanduna da hulunan rana a shagona na bakin teku, babu irin gwanin da bai ratsa ta hannuna ba. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawarin za ka samu mata, ka samu suna, ko gumi ba za ka yi ba. Shaidata Nidal ne, mai karɓar baƙi a wani otel na unguwarmu, wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 1: Saki ƙaryar a kan abinci

Mai cikakken baki ba a matsa masa da tambaya, don haka jira sai an zuba.

Nidal ya je gaida iyayen Rula, malamar makarantar da yake nema, aka kawo shinkafa da kifi tana tururi. Uban, Abu Firas, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne mai kaurin gashin baki, kuma duk unguwa ta san kowace Juma'a da sassafe yakan ɗauki sanda da jaka ya nufi duwatsu. Ya sha korar samari, don a cewarsa ba zai ba da 'yarsa ga mai haki in ya hau bene ba.

"Kai kuma me kake yi ranar hutunka?" ya tambaya.

Barci Nidal yake yi, a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Sai dai kullum yana kwatanta wa Turawa hanyoyin duwatsu daga taswirar da ke manne a bangon otel, har ya haddace su.

"Duwatsu, Baba. In ban hau ba, ba na jin daɗin jikina."

Rula ta ƙware da ruwan da take sha. Abu Firas ya ajiye cokali ya daɗe yana kallon yaron. Matarsa, Ummu Firas, ita ce ta tafa hannu.

"Alhamdulillahi, Abu Firas, ka samu abokin tafiya. Juma'ar nan sai ku hau Dutsen Hankaka tare, wanda kake cika mana kunne da shi."

"Yana da wuya fa," in ji tsohon a hankali.

"Mai wuyar na fi so, Baba," in ji Nidal, ya ƙara kifi.

Mataki na 2: Tsufar da kayanka

Sabon takalmi ɗan rahoto ne. Sayi mai kyau, ka san shagon, sannan ka ɗaure shi a bayan mota ka zaga gari da shi. Jiƙa hular da shayi ka shanya. Hau rufin gida ka gasa ƙeyarka da rana, don gwani daga ƙeya ake gane shi.

Nidal na kan rufin yana gasawa Rula ta kira shi.

"Nidal, je ka gaya masa gaskiya tun da wuri."

"Wace gaskiya? Dutse ai ƙasa ce da ta miƙe tsaye."

"Kai da kake hawa mota zuwa gidan burodin ƙarshen layi?"

"Don ya iso da zafi ne."

"Ni dai ka dawo mini da ubana lafiya. Kai ma, in da hali."

Mataki na 3: Koyi maganar gwanaye

Gwani ba ya cewa ya gaji, cewa yake bari a saurari iska. In numfashi ya ƙwace maka, durƙusa ka ɗauki tsakuwa, ka shinshina, ka girgiza kai, ka jefar. Duk kashin dabbar da ka gani, ce na barewa ne kuma ba ta daɗe da wucewa ba. Babu wanda zai ɗanɗana don ya ƙaryata ka.

Mataki na 4: Shirya faɗuwarka tun daga gida

Ga zuciyar dabarar. A kwanar farko, inda hanya ta fara tashi, za ka yi tuntuɓe, ka riƙe idon sawu, ka cije leɓe, ka ce, "Ku ci gaba, Baba, kada ku ɓata Juma'arku saboda ni." Ka fita ke nan, da mutunci da tausayi. Doka ɗaya ce tak: kafin kwanar nan, kada ka yarda ka riga tsoho nuna gajiya.

A nan zan gaya maka abin da Nidal bai sani ba. Abu Firas ma ɗalibina ne, kuma haziƙi. Tun da likita ya hana shi zaƙi ya ce ya riƙa tafiyar ƙafa, kowace Juma'a yakan tuƙa mota zuwa gindin duwatsu, ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya ci farantin kunafa, wainar nan ta cuku da ruwan sukari, ya kora da shayi, ya yi minshari, ya baɗa wa wandonsa ƙura ya koma gida. Ranar Laraba ya shigo shagona a ruɗe. Na ba shi shawarar da ta dace: ya riƙe gwiwa a kwanar farko, kuma kada ya yarda ya riga yaro nuna gajiya. Ni ba na nuna bambanci tsakanin ɗalibai.

Mataki na 5: Kada ka fara saranda

Suka ajiye mota suka kama hanya, kowa na taku kamar soja a fareti. Da suka iso kwanar, Nidal ya zaɓi dutsen da zai yi tuntuɓe da shi, har ya ɗaga ƙafa, sai ya ji tsoho ya ce "wash" ya dafe gwiwa. Nidal ya manta da faɗuwarsa ya ruga ya riƙe shi.

"Baba, lafiya? In goya ku mu koma?"

Kalmar goyo ita ta ɓata komai. Abu Firas ya miƙe zumbur, gashin baki na rawa.

"Goyo? Kunama na gani nake dubawa. Wuce mu je."

Kwana ta wuce, dama ta wuce. Hanya ta ƙara tashi, rana ta fito da niyyarta.

"In kuna so mu ɗan huta, Baba, ni ba na sauri."

"Yanzu ma jinina ya fara ɗumi. Kai dai in ka gaji faɗi, ba abin kunya ba ne ga yaro."

Nidal ya durƙusa ya shinshina tsakuwa. Ya ɗago, sai ya ga tsoho ma ya durƙusa yana shinshinar wata. Suka girgiza kai tare, suka jefar. Suka saurari iska har iskar ta gaji da su. Wasu tsofaffin Jamusawa mata suka wuce su suna hira suna cin tuffa, ɗaya har ta shafa kafaɗar Nidal don ƙarfafa masa gwiwa.

"Ba su san dutse ba," in ji Abu Firas da ƙyar. "Gudu ba hawa ba ne."

"Haka ne, Baba. Ko barewa ba za su gani ba."

Can sama, wasan ya fara canja launi. Ruwa ya kusa ƙarewa. Fuskar tsoho ta yi fari, amma yana ta jan ƙafa. Nidal ya dube shi, ya tuna muryar Rula. Ya gane mutumin nan zai gwammace ya faɗi matacce da ya ce a tsaya. Sai ya yi abin da ban koya masa ba, kuma ba na ba ka shawarar ka yi. Ya zube a inuwar wani dutse ya miƙa wa tsoho ragowar ruwan.

"Baba, ƙarya na yi muku. Ban taɓa hawa dutse ba, takalmin nan a bayan mota na ja shi. In kun hana ni Rula, na cancanta. Amma don Allah ku zauna, ni ba zan iya ƙara taku ɗaya ba."

Abu Firas ya zauna, ya shanye ruwan, ya daɗe yana numfashi. Da jini ya dawo masa fuska, sai ya jawo jakarsa ya buɗe. Babu igiya, babu taswira. Farantin kunafa ne da ƙaramar butar shayi da matashin kai.

"Ni a bayan babur na ja nawa takalmin," ya ce.

Dariya ta kama su har Nidal ya kwanta yana dukan ƙasa. Suka ci kunafar da hannu, ta narke ta zama kunu. Da suka leƙa bayan dutsen da suka jingina da shi, ashe ƙololuwar ce. Ga gari can ƙasa fari fat, ga teku shuɗi, ga manyan jirage kamar kwalin ashana. Tsoho ya ƙura wa ido tashar da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki.

"Ashe ƙarama ce," ya ce.

Mataki na 6: Sauko da mutunci

Hawa na masu ƙarfi ne, saukowa ta masu wayo. Zaga bayan dutse, galibi akwai hanyar mota da masu kafa ƙarfen wayar salula suka share. A can suka samu Suwailim, wani makiyayi, yana loda awaki a bayan a-kori-kura.

"Da ƙafa kuka zo?" ya tambaya. "Me titi ya yi muku?"

Gaban motar cike yake da buhunan dusa, don haka a baya suka zauna, akuya na cin hular Nidal, wata na kwance a cinyar Abu Firas kamar jikarsa.

Mataki na 7: Daidaita labari kafin ƙofar gida

Abu Firas ya shiga falo yana dogara sanda ya ce, "Yaron nan barewa ne. A sa rana."

Rula ta rungume ubanta, ta ja da baya. "Baba, me ya sa kuke warin akuya?"

"Ƙamshin ƙololuwa ne, 'yata. Sai wanda ya je."

Ummu Firas ta dubi ɗigon ruwan sukarin da ya bushe a gaban rigar mijinta, ta dubi irinsa a ta Nidal, ta yi murmushi mai daɗi.

"Tunda abin ya yi armashi haka, Juma'a mai zuwa da mu za a je, ni da Rula da yayyena da za su zo daga Amman. Ku ne jagora. Jakar ma ni zan shirya maka da hannuna, Abu Firas."

An yi biki, an ci an sha. Tun daga lokacin kuwa babu Juma'ar da ba a hawa, da gaske, da ƙafa, da kokwamba a jaka. Likita na murna, Ummu Firas na gaba da sanda, gwanayen biyu na baya suna sauraron iska.

Sanarwa

Mai wannan shawara ba shi da hannu a ciwon gwiwa, ƙunar ƙeya, asarar hula, ko duk wata lafiya da ta same ka ba da son ranka ba. Kayan da aka ja a bayan mota ba a mayarwa. In kuma ka haɗu da mutum biyu, tsoho da yaro, suna ɗingishi suna tambayar ina mai shagon takalma yake, ce musu na tafi hawan dutse.