Shingen Raƙumin Dawa

A wani daji da ke gefen fadama, akwai wata unguwa ta ƙananan dabbobi, zomaye da kuregu da bushiyoyi da zabi. A cikinsu akwai wata zabuwa mai suna Tabawa, wadda damina ta bar ta da 'yan tsaki fal ƙarƙashin fikafikai. Ba ta da wata damuwa a duniya sai Tunku, wanda ya mai da unguwar rumbun ubansa, ya shigo da rana tsaka ya ɗauki wanda ya ga dama.

Da ɓarnar ta yi yawa, majalisar unguwa ta zauna a gindin tsamiya. Shugabanta Biri ne. Gidansa yana can ƙololuwar bishiya, amma in dai a baki ne, ya fi kowa jin zafin abin da ke faruwa a ƙasa.

"Jama'a," in ji Biri, "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa ko bangon ba mu da shi. Za mu kewaye unguwar nan da shinge. Ba irin dangar karan da kowane tsohon zomo ke kafawa a bayan ɗakinsa ba. Shinge nake nufi wanda in dabbobin hayin rafi suka hango za su riƙe baki. Don haka na nemo mana ɗan kwangilar da duk dajin nan babu mai tsawonsa."

Aka gabatar da Raƙumin Dawa, aka yi ta shewa. Tabawa ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, shin an gaya masa girman Tunku?"

"Tabawa," in ji Biri, "wannan zance ne na ƙwararru. Zauna."

Ta zauna.

Raƙumin Dawa ba maha'inci ba ne. Ya kafa dirkokin kirya waɗanda gara ba ta saurin ci, ya ɗaure gwangwala, ya yi saƙa mai ban sha'awa daga daidai ƙirjinsa zuwa sama. Ranar duba aiki 'yan majalisa suka zagaya suna ɗaga kai har wuya ya yi musu ciwo. Tabawa kuwa ta bi ta ƙarƙashin shingen ta fita ta dawo, ko sunkuyawa ba ta yi ba, 'ya'yanta na biye da ita a jere.

"Ranka ya daɗe, ga shi na wuce," in ji ta.

"Wannan mashigar iska ce," in ji Biri. "Duk ginin zamani haka yake."

Ba a daɗe ba iskar ta shigo da ƙafa huɗu. Tabawa na tonon tsaba da hantsi ta ji ƙarar autarta, kafin ta waiwaya Tunku ya fice da ita. Ta bi shi da gudu tana kururuwa har bakin rafi, ba ta samo komai ba sai 'yan gasu a kan ciyawa.

Majalisa ta yi mata ta'aziyya mai tsawo. Sannan ta yanke hukunci cewa shinge ba shi da laifi, Tunku ne ya karya ƙa'ida da ya ƙi bi ta ƙofa. Aka kafa kwamitin da zai ja masa kunne, aka tashi.

Tabawa ta dawo gida ta tara sauran 'ya'yanta ta rufe su da fikafikai. Ta san mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba, amma yaya za a yi mai ɗaki ya gaya wa wanda kunnensa ke kusa da gajimare? Sai ta tuna wuri ɗaya ne Raƙumin Dawa ke sauko da kansa. Ta bar 'ya'yan wajen maƙwabciyarta Bushiya, ta tafi mashaya ta jira. Da ya zo ya ware ƙafafu ya sunkuya zai sha ruwa, ta matsa daf da kunnensa.

"Malam, sannu da aiki. Ni ce wadda aka ɗauke wa 'ya ta ƙarƙashin shingenka."

Ya fasa shan ruwan. "Ta ƙarƙashi? Baiwar Allah, ce mini aka yi in yi abin da za a hango daga nesa. Ba wanda ya gaya mini wa ake tsoro."

"To zo ka gani. Gani ya kori ji."

Ya biyo ta. A bakin shingen ya ware ƙafafu kamar mai shan ruwa, ya kwantar da kai a ƙasa, ya leƙa. Ya daɗe yana kallon giɓin da ya bari.

"Bakina ba ya iya saƙa a nan," ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Amma ƙayar da ke saman bagaruwa ba mai kai mata sai ni. Zan kawo, ku saƙa."

Haka aka yi. Shi ya karyo rassa ya zube, zomaye suka haƙa, kuregu suka ɗaure, Tabawa da Bushiya suka cusa ƙaya har ƙasa. Kowa ya sha suka, ba wanda ya tafi. Da aka gama suka raba shingen, kowane gida ya ɗauki na bayan ɗakinsa, in an yi ruwa a duba inda ƙasa ta zaizaye, in igiya ta ruɓe a sake. Tunku ya zo sau ɗaya, ya koma da ƙaya a hanci. 'Ya'yan Tabawa suka girma har suka fara tashi bisa dirkoki suna cika unguwa da surutu, ita kuwa ba ta taɓa cewa su yi shiru ba.

Da kaka ta yi, majalisa ta kira taro ta naɗa Biri Sarkin Shinge saboda hangen nesansa. Tabawa ta je, ta zauna a baya tare da Bushiya. An yi tafi sosai, musamman daga wajen waɗanda tafin hannunsu ba ya ciwo.