Ranar da Na Yi wa 'Yar Zurmi Addu'ar Mamaci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kashe mace da bakina a gaban jama'a, tana zaune tana kallona.

Lokacin jiharmu ta Zamfara sabuwa ce fil, an kuma ƙaddamar da Shari'a, kowa na ji da kansa. Ni kuwa na fi kowa. Na gama difloma a Kaura Namoda, wata ƙaramar jarida ta ɗauke ni gwaji na wata uku. Editanmu, Malam Sani, ya faɗa mini gaskiya: in na burge shi in zauna, in ba haka ba in koma gida. (Na riga na gaya wa duk dangi cewa ni 'yar jarida ce, har da na Shinkafi.)

Sai ƙungiyar matan Kaura ta shirya taro kan karatun 'ya'ya mata, aka ce mu ba da mai jawabi. Na ce ni ce nan. Na zaɓi in yi magana kan wata mata da na gano a tsofaffin jaridu, mai sa hannu da 'Yar Zurmi. Malamar firamare ce tun zamanin da ake ƙidaya mata masu boko da yatsu. Da hannu take rubutunta, ta kawo tashar jirgin ƙasa ta Kaura a tafi da shi. Ta yi rubutu kan gonakin gado da ake hana mata, da masu naƙuda da ke mutuwa a hanyar asibiti. Maza sun zage ta a wasiƙu, ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Sai kawai rubutun ya tsaya. Na tambayi wani tsohon ma'aikacinmu, ya ce, "Anya ba ta rasu ba kuwa?" Shi ke nan binciken da na yi.

Ranar taro zaure ya cika, maza dama, mata hagu, Malam Sani a sahun gaba. Wallahi na yi jawabi, ba yabon kai ba. Mata na ta gyaɗa kai. Da na ga abin ya karɓu, sai na sassauta murya, na ce, "Yau ba ta tare da mu. Don Allah mu yi wa marigayiya Ƙulhuwallahu ƙafa uku." Har da 'yar ƙwallata.

Aka karanta, aka shafa. Wata tsohuwa mai farin mayafi a sahu na uku ta fi kowa ƙarfin amin. Sannan ta dafa sanda ta miƙe.

"Ɗiyata," ta ce, "na gode da addu'a, ba a ƙin ta. Amma wa yac ce miki na mutu?"

Innalillahi! Sai wata ta ƙyalƙyale da dariya, sai kowa ya fashe. Ɓangaren maza har da masu buga ƙafa. Ashe shugabar ƙungiyar da kanta ta aika mota Zurmi aka ɗauko ta, don ta ji an ce za a yi maganarta. Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, an ce mini..." Malam Sani ya cire hula yana fifita da ita, ko kallona bai yi ba.

Bayan an tashi na je na durƙusa gabanta. Ta riƙe hannuna, ba fushi ko kaɗan, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Kin karanta ni, kin kuwa gane ni," ta ce. "Amma ban mutu ba, shafin mata na jaridar aka rufe. Ban daina rubutu ba, suna nan cike da akwati. Shekara da shekaru babu wanda yaz zo ya tambaya. Zurmi nisa gare ta?"

Washegari Malam Sani ya ce kada in sake taka ofis sai da hira daga bakinta. Na shiga motar mata ta Zurmi, na kwana uku a gidanta. Hirar ce ta tsayar mini da aikina. Sai dai ita ta duba rubutun kafin in kai, ta kuma sa jan biro ta gyara mini wuri goma sha ɗaya.

Tun daga ranar, ko liman ne ya ce mini wane ya rasu, sai na tambayi unguwar da aka yi zaman makoki.