Lefe a Motar Nama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai lefen ɗana Sani ba, duk da na yi ƙoƙarin mantawar. Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, ni ma ban daɗe da ajiye aikin tashar jiragen ruwa ba. Tun ina saurayi nake kwaɗayin wagon, doguwar motar nan mai kujera layi uku. To amma fansho ba ya sayen mota mai lafiya, sai dai mai jinya.

Mai jinyar na same ta a Oko-Oba, hannun wani mahauci. Shekara da shekaru tana jigilar nama daga mayanka zuwa kasuwa har ta kwanta. Janyo ta aka yi zuwa garejin Baba Lamidi, bakaniken da ke bayan layinmu a Agege. Da ya zagaya ta, sai ya tambaye ni ko wani na yi wa laifi ya haɗa ni da ita.

Haka muka duƙufa. In fansho ya fito sai in sayo abu ɗaya, wannan wata fitila, wancan wata ƙofa (ƙofofin nan huɗu ba wadda ta taɓa sanin 'yar'uwarta). Da hannuna na goge cikinta da sabulu da toka. Ranar da injin ya tashi sai da na juya baya na share ido, kada Baba Lamidi ya gani.

Ana nan sai maganar lefe ta taso. Yayata Habi ce za ta ja mata zuwa gidan su yarinyar a Ajegunle. Sani ya lallaɓo ya ce abokinsa zai ba da aron mota. Na ce ga wagon a ƙofar gida, wane aro kuma? Yaya Habi ta tuna mini uban ango ba ya zuwa kai lefe. Na ce ai ba uban ango ne zai je ba, direba ne.

Aka jera akwatuna a baya, muka kama hanya. A cunkoson Oshodi rana ta buɗe, ƙarfe ya ɗau zafi. Matan kowace ta tura hanci cikin mayafi. Na ɗauka warin kwata ne, har ina yi musu bayanin sakacin hukuma. Ni dai ban ji komai ba. Ashe tsohon jinin da ya shige ƙarƙashin daɓen motar ne zafi ya tayar.

Muna shiga lungun su yarinyar kare ɗaya ya biyo mu. Kafin in taka birki sun zama ayari, ƙudaje na yi musu rakiya. Matan gidan sun fito tarbarmu, mai guɗa ta ɗauko guɗa, ta maƙale mata a wuya. Ba wadda ta iya buɗe ƙofa a cikinmu saboda karnukan. Wani jan kare ya ɗora ƙafafu a gilashin baya yana leƙen akwatunan amarya. 'Yan okada, masu haya da babur, suka tsaya kallo, ɗaya har yana tambaya ko naman sadaka ake rabawa.

"Malam direba," in ji Yaya Habi a hankali, "ka kai mu."

Ina riƙe da sitiyari cikin babbar riga, gumi na bin bayana, na hango uban yarinyar, Alhaji Ɗanjuma, ya taso daga shagonsa da sanda. Na ce a raina, shi ke nan, na kashe wa yaron nan aure. Ya kori karnukan, ya sa aka kwashi akwatuna, ya ce a turara su kafin a buɗe. Sannan ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta, ya tambaye ni inda na samo ta asali haka. Ashe irinta ya tuƙa tsakanin Kano da Legas kafin ya kama kasuwanci.

Mata na ciki suna kallon kaya, mu muna waje kawunanmu a cikin inji, ina ba shi tarihin kowane ƙarfe. Da ya ɗago ya goge hannu ya ce, "Malam, wanda ya yi haƙuri da wannan har ta tashi, ba na fargabar ba ɗansa 'yata."

Yaya Habi da mutanenta a danfo, bas ɗin haya, suka koma. Matata Hajiya ta yi dariya har da hawaye da ta ji labari. Washegari da safe kuma na tarar da ita a tsugune cikin motar da kaskon turare, ta ce in kira Baba Lamidi a ɗaga daɓen, za ta taya ni wanki.

An ɗaura auren lafiya. Abin da na koya dai shi ne, in kana son abu, hancinka ne ke fara mutuwa. Kafin ka fita da shi cikin jama'a, ari hancin wani.