Yadda Za Ka Hana Rabin 'Yan Tsakinka Garin Kifi a Gidan Mahaifiyarka

Ɗalibin shekarar ƙarshe, share hawayenka. In ka bi matakan nan bakwai daki-daki, na yi maka alkawari za ka gama binciken da digirinka ya rataya a kansa, kuma duk sashenku sai an san sunanka. Wannan na biyun ko tantama ba na yi.

Mataki na 1: Karɓi tambayarka hannu biyu

Dakta, malamin da ke duba aikinka, zai ce ka gano ko garin kifi yana ƙara wa 'yan tsaki girma. Kada ka ce kowa ya san amsa. Kowa ya sani, amma ba wanda ya zana jadawali. Zai ƙara da cewa ɗakin gwajin makaranta ya cika da ɓerayen wani ɗalibi, sai dai ka yi a gida. Ka ce to. Ka yi godiya ma.

Mataki na 2: Raba su gida biyu

Samo 'yan tsaki arba'in 'yan kwana ɗaya. Ka raba su da ƙuri'a, ba da son rai ba. Ashirin ka ɗaura musu jan zare a ƙafa, ashirin shuɗi. Keji iri ɗaya, ruwa ɗaya, haske ɗaya, abinci ɗaya. Masu ja kaɗai za ka riƙa barbaɗa wa garin kifi. Masu shuɗi su ne ma'auninka: da su za ka gane ko garin ya yi aiki. In ma'auni ya lalace, ba bincike kake yi ba, kiwo kake yi.

Mataki na 3: Kada ka yi wa Mama bayani

Za ta tsaya a kanka da tsintsiya a hannu, ta ga ka zuba wa keji ɗaya ka tsallake ɗaya.

"Waɗannan fa, laifin me suka yi?"

"Ba laifi, Mama. Kwatance ake yi da su."

"Suna kallo 'yan uwansu na ci?"

"Ai ba su sani ba."

"Ni na sani."

A nan ka ɗauki kwanonka ka wuce. Masana sun tabbatar ba a taɓa cin wannan gardama ba.

Mataki na 4: Sa kwaɗo

Sayi babba, mai sheƙi, ka garƙame kejin masu shuɗi, ka rataya makullin a wuyanka ka tafi aji hankali kwance. Kwaɗo yana hana a buɗe ƙofa. Ba ya hana cokali shiga ta ragar waya, amma wannan ba ya cikin abin da aka koya maka, saboda haka ba ruwanka.

Mataki na 5: Auna, ka rubuta, kada ka yi tunani

Duk Asabar ka ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. A mako na uku za ka ga masu shuɗi sun kamo masu ja. A na biyar sun wuce su, ƙirji a cike, suna tafiya kamar masu gidan haya. Kada ka zargi kowa. Kai wa Dakta jadawalin.

Zai cire tabarau, ya goge, ya mayar. Zai ce, "Ikon Allah! Ashe garin kifi tauye girma yake yi?" Kafin azahar ya gaya wa shugaban sashe, kafin la'asar ya fara maganar mujalla, har ya kira ka abokin aiki. Ka ji daɗinka sosai, don ba zai daɗe ba.

Mataki na 6: Kada ka dawo gida da wuri

Wannan shi ne ginshiƙin darasin. In malami bai zo aji ba, zauna a ƙarƙashin bishiya har lokacin tashi. In ka yi taurin kai ka dawo da hantsi, za ka tarar da Mama a tsugune gaban kejin masu shuɗi, cokali a hannu, kwano a gefe. Garin kifinka ne a ciki, an haɗa shi da gwaiduwar ƙwai, don rama musu abin da ya wuce. Tana kiran su da sunaye. Akwai Maraya, akwai Haƙuri, akwai Ƙaramin Haƙuri.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ɗaura musu zare."

Ba za ta ko sunkuyar da kai ba. Za ta ce ka matsa, kana tare musu iska.

Mataki na 7: Rufe bakinka har Litinin

Litinin za ka kare aikinka gaban malamai. In ka yi shiru, digiri naka ne, masu kiwon kaji kuma su daina sayen garin kifi saboda kai. In ka faɗa, sai baɗi. Kwana uku za ka yi abinci ba ya wuce maka. Haƙuri za ka yi, haka manyan masana suke ramewa.

Abu ɗaya kawai: kada Mama ta gane abin da ke damunka. In ta gane, za ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta riga ka isa ofishin Dakta. Kana daga bakin ƙofa za ka ji muryarta:

"Malam, yaron nan bai yi ƙarya ba, ni na ba su. 'Ya'ya shida na raina, ban taɓa zuba wa uku nama na bar uku suna kallo ba. Ba zan fara a kan kaji ba."

Dakta zai daɗe yana kallon jadawalin. Sannan ya tura maka shi a hankali, ya ce mu haɗu baɗi. Ita kuwa zai raka ta har bakin titi.

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da alhakin ƙarin shekara, ko janye suna daga jerin masu kammalawa, ko kaji arba'in masu ƙoshin lafiya da suka hana kowa sakat a tsakar gida. Duk mai ƙorafi ya kai wa mahaifiyarsa, ya kalli idonta ya ce mata ta yi laifi. Ni dai na gwada, ban iya ba.