Jajayen ɗigon Baban Hauwa

Kwana biyu maigidana, Baban Hauwa, yana farautar kuskuren da ke kashe shafin intanet da yake haɗa ma manoman albasar Goronyo. Duk layin rubutun kwamfuta da yake zargi sai ya sa mishi jan ɗigo, don aikin ya tsaya nan ya duba.

Ni ban sani ba. Da ya tahi masallaci na leƙa kwamfutar, na ga ta feso kamar ƙyanda. Na danna ɗaya, ya ɓace. Na bi su duka, ina jin kaina gwana.

Ya dawo, ya duba kwamfutar. "Maman Hauwa, mi kinka yi?"

"Na warkar ma da ita."

Washegari ya je gaban manoman da shafi matacce. Har yau in an shanya tattasai, ƙanwarshi sai ta ce, "Ku kwashe, ga mai share ja nan tahe."